Tallafin dasa bishiya a unguwannin talakawa: me ya sa yake tsallake zangonninmu na Kudu?

Duk wanda ya san Legas ya san Idi-Araba, amma ba kowa ne ya san ma'anar sunan ba. Da Yarbanci, araba ita ce bishiyar rimi, Idi-Araba kuwa gindin rimi ke nan. Haka ma Agege. Labarin da mutanen wurin ke bayarwa shi ne sunan ya fito daga kalmar Yarbanci mai nufin masu saran itace, wai saboda Hausawan da suka fara sauka a wurin su ake kira idan za a sare bishiya. Unguwanni biyu ke nan da mutanenmu suka yi kaka-gida, kowacce sunanta na da alaƙa da itace. Amma yau ka shiga lungunansu da tsakar rana, abin da za ka gani kwanon rufi ne da siminti da gwata. Inuwa sai ta rumfar mai shayi ko ta barandar masallaci.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin zafin Kudu ya canza. A watan Fabrairun 2024 hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ta yi ta fitar da gargaɗin tsananin zafi. Masanan da suka yi nazarin wancan zafin daga baya sun ce idan aka haɗa shi da gumin iska, abin da jiki ke ji ya kai kusan digiri 50 a kudancin Afirka ta Yamma. Wanda ke da na'urar sanyaya ɗaki da janareto bai san an yi ba. Wanda ya ji a jikinsa shi ne mai tura baro, da mai ruwa, da mai gadi, da yaran da ke kwana su takwas a ɗaki ɗaya mai rufin kwano babu silin. Da damina ta zo kuma, kamar ambaliyar da ta tsayar da Legas cik a ranar 3 ga Yulin 2024, unguwannin nan dai su ne ruwa ke kwana a cikinsu, saboda babu ƙasar da za ta shanye shi, ko'ina an shafe da kankare.

Saboda irin wannan ne a 'yan shekarun nan ake yawan jin maganar ƙananan tallafi da ake ba unguwannin marasa galihu don su dasa bishiyoyi, su gyara wani ɗan fili ya zama wurin hutawa ko wurin wasan yara. Kuɗin ba masu yawa ba ne, amma sun isa su canza fuskar layi guda. Tambayar ita ce, me ya sa ba kasafai muke jin sun sauka a Sabo ko zango ko kara ba? Amsar da ta fi saurin zuwa bakin mutanenmu ita ce wariya: ba a son mu. Akwai wariya a wasu wurare, ba wanda zai musa. Amma in aka bi yadda kuɗin ke tafiya, za a ga abubuwa uku ne ke tare mana hanya tun kafin a kai ga maganar ƙabila: takarda, da fili, da wanda zai yi ban ruwa.

Ina kuɗin suke?

Bari mu fara da inda kuɗin ke fitowa. Akwai shirin ƙananan tallafi na asusun kula da muhalli na duniya, GEF, wanda hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta daɗe tana gudanarwa. An fara shi a duniya a 1992, ya shigo Najeriya a 2009, kuma yana ba ƙungiyar al'umma tallafin kuɗi don aikin muhalli. Ba gwamnati yake ba kuɗin ba, ƙungiya yake ba kai tsaye. Sai dai yana son ya ga ita ma al'ummar ta kawo nata kason, ko da na aikin ƙarfi ne ko kayan aiki.

Akwai kuma na gwamnatin jiha. A Legas kowace unguwa na da ƙungiyar ci gaban unguwa da ake kira CDA, kuma ta hannunsu gwamnati ke bi idan za ta tallafa wa aikin gayya. A 2018, zamanin Gwamna Ambode, an raba Naira miliyan 500 ga irin waɗannan ƙungiyoyi 275 don su ƙarasa ayyukan da suka fara da kuɗinsu. In ka raba, kowacce ta tashi da abin da bai kai miliyan biyu ba a matsakaici. Sai hukumar lambuna da wuraren shaƙatawa ta jihar, LASPARK, wadda aka kafa da dokar 2011. Ita ke jagorantar ranar dashen bishiya ta 14 ga Yuli da aka ware tun zamanin Fashola, ita ce kuma ke ba kamfanoni da bankuna damar ɗaukar nauyin wani shataletale ko gefen titi su ƙawata shi.

Ka duba manyan wuraren shaƙatawar da aka fi sani: JJT da Ndubuisi Kanu a Alausa, kusa da sakatariyar gwamnati, Muri Okunola a Victoria Island, Freedom Park a cikin tsibiri. An yi wasu a wajen talakawa, kamar na Rafiu Jafojo a yankin Alimosho, amma ba su da yawa idan aka kwatanta da yawan jama'a. Kamfani kuwa inda allonsa zai fito yake zuba kuɗinsa, ba bayan mayanka ba. Ke nan ƙaramin tallafi shi ne ƙofar da ta rage wa unguwa irin tamu. To ita ma wannan ƙofar da mabuɗi ake buɗe ta.

Takarda

Duk hanyoyin nan da na lissafa abu ɗaya suke fara tambaya: wace ƙungiya ce, ina rajistarta, ina asusunta na banki? A nan muke faɗuwa. Ba rashin ƙungiya ne ke damunmu ba. Babu zangon da ba shi da sarki da 'yan majalisarsa, babu kasuwar da ba ta da ƙungiyar dillalai, ta mahauta, ta 'yan gwari, ta direbobi. Muna tara kuɗi in an yi rasuwa, muna tara kuɗi in an kama ɗan uwa. Amma yawancin wannan tsari a baki yake da amana. Kuɗi na aljihun ma'aji ko a asusunsa na ƙashin kansa, lissafi kuma a kansa.

A gidanmu na ga yadda ake cinikin shanu na miliyoyi da musafaha kawai, tirela ta taso daga Arewa ta sauke a kara, a sayar bashi, mai gida ya tsaya wa baƙonsa har kuɗi su fito. Tsari ne mai ƙarfi, ya riƙe wannan sana'a fiye da shekara ɗari. Sai dai mai ba da tallafi bai san musafaha ba. Shi ma akwai wanda zai bincike shi, don haka rasit yake so.

Rajistar ba wani abu ne da ya fi ƙarfinmu ba. A hukumar CAC ana yi wa ƙungiya rajista da sunan amintattunta. Ana buƙatar sunayen amintattun, da kundin tsarin ƙungiya, da sanarwa a jaridu, sannan a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Bayan nan banki zai nemi takardar SCUML, wadda ke ƙarƙashin EFCC, kafin asusun ƙungiya ya yi aiki yadda ya kamata. Kuɗin lauya da na jarida gaba ɗaya ba su kai kuɗin bijimi ɗaya mai kyau ba. Matsalar ita ce sai an ji labarin tallafi ya fito, saura mako biyu a rufe, sannan ake neman wanda ya iya cike fom. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai hanya mafi sauƙi ma, wato shiga CDA ɗin unguwar da muke zaune. Mutanenmu da yawa suna ɗauka taron masu gidaje ne na 'yan gari, su biya kuɗin tsaro da na shara in an zo karɓa, shi ke nan. Amma a wannan taron ake yanke wane layi za a gyara, wace gwata za a kwashe, wane aiki za a rubuta wa gwamnati. Wanda ba ya wurin ba a rubuta da shi. Zuwa da kai ya fi aike.

Fili

Ko da takarda ta kammala, sai mai tallafi ya ce a ina za a dasa, kuma filin na wa ne? Wannan ita ce tambaya mai nauyi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha. Gefen titi, bakin magudanar ruwa, ƙarƙashin gada, duk gwamnati ke da iko da su. Gefen layin dogo na hukumar jiragen ƙasa ne. Sauran kuwa na iyalan 'yan ƙasa ne ko na masu gidaje, mu kuma mafi yawanmu 'yan haya ne, ko da kakan mutum a nan aka haife shi. An kafa Sabon Ibadan tun 1916, amma har gobe akwai wanda zai ce maka ai mu baƙi ne, me zai sa in dasa abin da ba ni zan ci ba?

A nan ne nake ganin ya kamata mu buɗe ido, domin maganar ƙawata gari takobi ce mai kaifi biyu. A watan Janairun 2009 gwamnatin Fashola ta share Oshodi, aka kwashe dubban 'yan kasuwar da ke kan titi da layin dogo, daga baya aka yi lambu a wani ɓangaren wurin. Mutane da yawa sun yaba, kuma gaskiya Oshodi ta fi da kyan gani da sauƙin wucewa. Amma wanda aka ɗauke wa teburi ba shi ne ya zauna a inuwar lambun ba. Irin wannan ya sa in talaka ya ji an ce za a ƙawata wuri, abin da kunnensa ke ji shi ne tashi.

Mu duba dalilan da ake bayarwa duk lokacin da aka taɓa wurarenmu. Bayan rikicin Mile 12 na watan Maris 2016 an rufe kasuwar, aka kuma yi maganar mayar da ita Imota. A watan Mayun 2022 aka ba 'yan Alaba Rago wa'adin kwana 14 su tashi, bisa zargin wurin ya zama maɓoyar ɓata-gari, daga baya rusau ya biyo baya. A watan Oktoban 2023 an sake garƙame Mile 12 na 'yan kwanaki saboda ƙazanta. A watan Yunin 2025 aka rufe mayankar Oko-Oba da ke Agege saboda yadda ake zubar da jini da ƙazantar dabbobi cikin magudanar ruwa. Ko mutum ya yarda da matakan ko bai yarda ba, kalmomin ba sa canzawa: ƙazanta, cunkoso, maɓoya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowane kangon fili da muka bari ya zama juji ko dabar 'yan shaye-shaye hujja ce muka ajiye wa wanda ke son wurin.

Abin da nake so in ce shi ne, filin da ba mu gyara da hannunmu ba, wata rana wani zai gyara shi, kuma ba lallai ne ya gyara da mu a ciki ba. Amfanin ƙaramin tallafi ya wuce inuwa. Kafin a ba ka sai ka je wurin ƙaramar hukuma ko Bale ko mai fili ka samo izini a rubuce. Sunan ƙungiyarku ya shiga fayil a matsayin masu kula da wuri kaza. Gobe in za a yi magana a kan wurin, akwai wanda za a kira teburi.

Abin da masu ja za su ce

Na san wani zai ce, Malam, mutane na fama da kuɗin abinci da na haya, kai kana maganar fure? Maganarsa na da ƙamshin gaskiya. In aka ce a zaɓa tsakanin famfo da lambu, famfo za a zaɓa, kuma daidai ne. Sai dai kuɗin muhalli an ware su ne don muhalli. In ba mu nema ba, ba za a juya su su zama shinkafa a kawo mana ba, wata unguwa za su tafi. Sannan ba fure ake nufi ba. Ana nufin mangwaro a harabar Islamiyya da yara ke karatu cikin rana, da inuwa a inda 'yan dako ke jiran mota, da wurin da tsofaffi da mata za su sha iska da yamma maimakon ɗakin da ya zama tanda. Aiki mai kyau ma yakan zo da tankin ruwa, kuma wannan tankin unguwa ce za ta amfana da shi.

Wani kuma zai ce, bishiya za ta hana katafila ne? A'a, ba za ta hana ba. In gwamnati ta ƙudura za ta yi titi ko tasha, ko gidan bene rushewa take yi, balle mangwaro. Akwai ma wani haɗarin da ba a cika faɗa ba: in layi ya yi kyau, mai gida na iya ƙara kuɗin haya, wanda ya yi wahalar ban ruwa ya koma neman ɗaki a wani wuri. Shi ya sa ya fi kyau a fara da filayen da al'umma ke da ƙafa a cikinsu: harabar masallaci, makaranta, maƙabarta, filin idi, da cikin kasuwar da ƙungiya ke da yarjejeniya a kanta. Bishiya ba takardar mallaka ba ce, kada kowa ya yaudari kansa. Abin da take yi shi ne rage hujjar mai neman hujja, da ƙara wa mai roƙo bakin magana.

Wa zai yi ban ruwa?

Abu na uku shi ne wanda ke kashe yawancin irin waɗannan ayyuka a ko'ina, ba a wurinmu kaɗai ba. Ranar dashe kowa na nan, manya da hulunansu, ana ɗaukar hoto ana sa wa a Facebook. A Legas dashen Yuli na samun ruwan sama har zuwa Oktoba ko farkon Nuwamba. Daga nan sai rani ya shigo, Disamba zuwa Maris, a nan ake gane aikin gaske. Dashen da bai kai shekara ba, babu ruwa, babu kariya, ba ya kai labari. Mu kuma muna da ƙarin matsala tamu ta kanmu: akuya da tunkiya. Duk wanda ya tashi a zango ya san akuya ɗaya ta isa ta gama da dashe ashirin kafin la'asar. Ga ragunan layya da ake ɗaurewa a duk abin da ya tsaya a tsaye.

Birnin Firitawun na ƙasar Saliyo ya samo wa wannan dabara. Bayan zaftarewar ƙasa ta watan Agustan 2017 da ta hallaka mutum sama da dubu, magajiyar garin, Yvonne Aki-Sawyerr, ta ƙaddamar da shirin dasa bishiya miliyan ɗaya a 2020. Abin da ya bambanta shirin shi ne ba a tsaya kan dashe ba. Mutanen unguwa ake ɗauka su dasa su kuma kula, kowace bishiya a ɗauki hotonta da waya tare da alamar inda take, a koma bayan wani lokaci a sake ɗauka, sannan a tura wa mai kula kuɗinsa ta waya. Wato ladan na bishiyar da ta rayu ne.

'Yan uwanmu da suka zo daga Maraɗi da Damagaram ma sun san wani abu makamancin haka. Shekaru aka yi ana dashen gwamnati yana mutuwa. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani, wato barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona ana gyara su. Da manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, sai ya tsare shi. An ƙiyasta ta wannan hanya an farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Darasin ɗaya ne a gona da a birni: itacen da ba shi da mai shi ba ya rayuwa.

Don haka idan aka samu, misali, Naira miliyan ɗaya, kuskure ne a kashe rabinta a sayen dashe da taron buɗewa. Dashe shi ne mafi araha a cikin aikin. Kaso mafi tsoka ya tafi ga kejin kariya na ƙarfe ko na gora, da tanki ko durom na ruwa, da ɗan alawus na wata-wata ga saurayi ɗaya ko biyu har rani biyu su wuce. Kowace bishiya a ɗora ta a wuyan wani da sunansa: wannan ta mai shagon nan ce, waccan ta 'yan aji kaza ce. Gara ashirin da suka rayu da ɗari biyu da suka bushe.

Zaɓen iri ma sai da lura. Mangwaro, dogon yaro, gwaiba, kashu, da bishiyar nan mai faffaɗan ganye da ake kira furut a Legas duk suna yi a Kudu kuma suna ba da inuwa. Inda wuri ya yi ƙunci, zogale da gwanda da ayaba sun fi dacewa. Kada a dasa babbar bishiya a ƙarƙashin wayar wuta, ko dab da gwata da shadda da katangar maƙwabci, domin saiwa za ta fasa su ta jawo rigima. Kan layin bututun mai kuwa ko kusa kada a je. A kuma sani cewa a Legas doka ta hana sare bishiya ba tare da izinin hukuma ba, saboda haka tun farko a sa ta inda ba za a yi nadama ba.

Abin da ke hannunmu

Wani abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, a duk mazauna biranen Kudu babu wanda ya kai mu kayan wannan aiki. Su wa ke noman lambu a wajen Ojo da Iyana-Iba, suna fitar da alayyafo da latas daga ƙasar da wani zai ce ba ta da amfani? Mutanenmu ne. Su wa ke kula da furannin gidajen masu kuɗi a Ikoyi da Lekki, bayan aikin gadi? Da yawansu namu ne. Su wa suka san inda ruwa yake a kowane layi? 'Yan garuwa. Muna shayar da lambun wasu, namu layin ko tsinke babu.

Sai taki. A kara da mayanka, kashin shanu da abin cikin tumbi kaya ne da ake rasa yadda za a yi da su, su ne kuma ke toshe magudanar ruwa har a zo a rufe wuri. In aka tara su a rami ko a keɓe, aka gauraya da busasshen ganye ko ragowar ciyawa, ana juyawa lokaci-lokaci, cikin wata biyu zuwa uku sun zama taki mai kyau marar wari. Ɗanyensa ƙona dashe yake yi, sai ya ruɓe tukuna. Ƙungiyar da ta rubuta wa mai tallafi cewa za ta mayar da ƙazantar mayanka taki, ta dasa bishiya da shi, ta sayar da ragowar ga masu lambu, ta kawo abin da ba kowace unguwa ce ke iya kawowa ba. Wannan kuma shi ne kason al'umma da ake tambaya.

Ko babu tallafi ma, ana iya farawa. A ce ƙungiyar kara ta ɗora Naira 100 kacal a kan kowace saniya da aka sayar, a ware don inuwa da tsafta. Ba mai saye ba mai sayarwa da zai ji a jikinsa. Kuma amfanin na komawa kan dukiyar: dabbar da ta kwana biyu a tirela, aka sauke ta aka ɗaure cikin rana, ramewa take yi, farashinta ya faɗi. Masu ba da tallafi kuwa, kamar yadda aka gani a rabon 2018, sun fi son ƙarasa aikin da aka fara a kan wanda ke cikin baki.

Inda za a yi hattara

Abu biyu ke iya ɓata komai. Na farko rigimar shugabanci. Akwai unguwannin da sarauta ta rabu biyu, ko ƙungiya ta dare, kowane ɓangare na cewa shi ne na gaskiya. In kuɗi suka shigo irin wannan wuri, wuta suke ƙarawa. Maganinsa asusu mai sa hannun mutum uku, da karanta lissafi a bainar jama'a, a kuma sa matasa masu karatu da mata a cikin kwamiti. Iyayenmu sarakuna su tsaya a matsayin iyaye masu buɗe ƙofa a wurin Bale da ciyaman, su bar riƙon jaka ga kwamiti. Hakan ya fi tsare musu mutunci.

Na biyu, kada a mayar da aikin na Hausawa zalla. Idan muka kewaye fili mu kaɗai, maƙwabci Bayarabe ko Ibo zai ga kamar mamaya ce, sai abin alheri ya zama fitina. Rikicin kasuwar Shasha a Ibadan na watan Fabrairun 2021, wanda ya ci rayuka da dukiya, daga cacar baki ya faro kan kayan da aka zubar a ƙofar wani shago. Wurin da mutane ke gogayya a matse cikin ƙazanta, ƙaramin abu ke tayar da shi. Takardar neman tallafin da ke ɗauke da sa hannun Sarkin Hausawa da na Bale da na shugaban CDA ta fi kowace ƙarfi, kuma bencin da kowa ke zama a kai ba wanda zai zo ya ƙona shi. Wannan ya shafi Sabon Shagamu, da Ama Hausa a Owerri, da Bogobiri a Kalaba, da kasuwar shanu ta Lokpanta a Abiya, kamar yadda ya shafi Agege.

Saboda haka, 'yan uwa, kafin wani tallafi ya sake fitowa, ga aikin da ke gabanmu. A zauna a zaɓi wuri ɗaya, ƙarami, wanda babu rigima a kansa. A samo izininsa a rubuce. A duba ko ƙungiya na da rajista da asusu, in babu a fara yanzu. A tura mutum biyu su riƙa halartar taron CDA ba fashi. A fara tara taki tun rani, a dasa da farkon damina, a ɗauki hoto, a ajiye rasit. Ranar da aka ji sanarwa, ba labari za mu kai ba, aiki za mu nuna.

Da yawanmu da niyyar ci-rani muka zo, ko iyayenmu suka zo, ga shi an haifi 'ya'ya har da jikoki. Yaran nan ba su san wani gida ba sai wannan, kuma a nan za su sha zafin shekaru masu zuwa. Mangwaron aure da aka dasa bana, aka tsare shi daga akuya, zai fara 'ya'ya kafin ɗan aji ɗaya ya gama firamare. Allah Ya ba shugabanninmu ikon tsayawa, mu kuma matasa Ya ba mu juriyar ɗaukar bokiti.